Ranar da Tanne ta kira ɗan farinta

Duk wanda ya ci kasuwar Lahadi ta Filinge a shekarun baya, in dai hancinsa na aiki, ya san rumfar Tanne mai daddawar batso. Ni ce nake zaune a hannun damanta da ƙwaryar tigadege, wato markaɗaɗɗiyar gyaɗa, da barkono. Sunana Delu. Inuwa guda munka sha ni da ita tun muna goyo har gashinmu ya yi fari, saboda haka in na ba da labarinta kada wani ya ce mini ai ba haka anka yi ba.

Gajeriyar mace ce, baƙa, ga murya kamar an buga tasa. A wani ƙauye na Kurfai anka haife ta, gidan Arna, ubanta mai tsafi, uwarta ƴar bori. Da ta auri Ɗangoma, manomi mai salla, ta kama salla ita ma, amma bakin gidan ubanta ta zo da shi bai rage komai ba. Mai karɓar kuɗin tikitin kasuwa ya taɓa take mata tabarma da takalmi. Ba ta zage shi ba, sai ta kama gefen rigarsa ta goge hannunta na daddawa a kai tana yi masa sannu da aiki, ya yini mutane na matsa masa. Zamanin soja, da shugabannin samariya, ƙungiyar matasa ta gwamnati, sunka tara mata a rana tun hantsi don su yi wa wani babban baƙo tafi, Tanne ta je da ƙwaryarta a ka. Kafin baƙon ya iso ta sayar da daddawar kaf, ta karkaɗe zane ta yi gida, ta ce ita tafinta ya ƙare.

Wannan matar da ba ta tsoron uban kowa, sunaye biyu ne ba su fita daga bakinta: na mijinta da na ɗan farinta. Haka muka taso muka tarar. Mace mai kunya ba ta kama sunan miji, ɗan fari kuwa ko kallon kirki ba ta yi masa a gaban mutane. Yaron sunansa Ibrah. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, ita yake ce wa Inna. Tanne kuwa "wancan" take ce masa, ko "mutumin tsohuwa". In ya ratso kasuwa sai ta sunkuyar da kai cikin ƙwarya, ta zungure ni da gwiwar hannu ta ce, "Delu, ga wani can, da alama bai karya ba." Ni zan kira shi in miƙa masa fura, ita ta saya, ni ake yi wa godiya. Mata kan ba da misali da ita in suna yi wa ƴaƴansu faɗa, wai ku dubi Tanne, duk bakin nan nata, kunyarta ba ta da na biyu.

A shekarar babbar yunwa, soja na kan mulki, anka kawo hatsin taimako. Ɗangoma na cikin waɗanda anka ɗiba su sauke buhuna su jera a sito. Buhuna sunka ɓace, manyan da ke riƙe da makulli ba wanda ya taɓa su, sai masu dako anka kwashe. Ba zan faɗi ko wane bariki anka kai shi ba, don jikokin mutanen suna nan da rai, ba su ci ba, ba su sha ba. A wancan zamani in motar jandarma ta ɗauki mutum, ba a tambayar kwana nawa. Maza kan taru a gindin bishiya su yi ta girgiza kai, kowa na shafa wa gemunsa ruwa.

Tanne ta dama fura ta taka da ƙafa har bakin barikin, ita kaɗai. Wannan ban gani ba, ita ta ba ni labarin, sau guda tak. Mai gadin ƙofa ɗan ƙasarmu ne, zanen fuskarsa irin namu. Ya tambaye ta wa take nema, ta ce mai gidanta. Ya ce nan ciki duka masu gida ne, ta faɗi suna. Ta faɗi ƙauyensu, ta faɗi sunan uwar mijin, ta ce dogo ne mai ɗingishi da ƙafar hagu. Ya ce shi bai san ɗingishi ba, suna ya sani. Ga mutane zaune a kan benci suna kallo, wasu na murmushi. Wallahi ɗan banzan nan ya san wanda take nufi sarai, kuma ya san ba za ta iya ba, don uwarsa ma ba ta iyawa. Ya ɗauki kunyarta ya kulle mata ƙofa da ita. Ta tsaya har fura ta yi tsami, ta juyo gida.

Kashegari ta roƙi Dodo, ƙanen mijin, ya je ya tambaya. Dodo ya kai gindin bishiyar dogon yaron da ke kallon barikin, ya hangi bindiga, ya tuna yana da uzuri. Sai ta samo wata tsohuwa mai sayar da kanwa ta raka ta don ta faɗi sunan. Tsohuwa ta faɗa, anka ce musu ai an wuce da shi gaba, ba a san ina ba.

An kama Ɗangoma ana sassabe, ba a sako shi ba sai da gero ya fid da kai. Ba alƙalin da ya gan shi, ba wanda ya ce masa ya yi laifi ko bai yi ba, wata safiya anka buɗe ƙofa anka ce ya tafi. Ya dawo ƙafafu a kumbure, ga tari mai fita da jini. Kafin ya rasu ya gaya mata ba inda anka wuce da shi, yana nan bayan katangar barikin nan tun ranar farko. Ya ce har muryarta ya ji ranar da ta zo da fura, ya ji tana cewa dogo ne mai ɗingishi. Bai kai ga ganin an zuba damma a rumbu ba.

Ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Masu zuwa gaisuwa sunka yi ta yabonta, wai ga mace, ko a bakin bariki ba ta zubar da kunyarta ba. Ina zaune kusa da ita ina kallon yadda take murza gefen tabarma har kabar ta tsinke. Daga ranar nan duk wanda ya yabi kunyar Tanne a gabanta sai ya ga ta tashi ta bar wurin. Ta noma gonar da kanta, ta aurar da ƴaƴanta mata, ta yi ta dafa ƴaƴan yakuwa tana daka daddawa, ta ci kasuwar Filinge, ta ci ta Bankuku, ba ta sake aure ba.

Shekaru sunka shuɗe, soja sunka koma bariki, anka yi babban taron ƙasa a Yamai, jam'iyyu sunka fito kamar ƴaƴan kaji. Rediyo ya cika da maganar ƴanci. Tanne ba ta kula ba, ta ce duk mai son ƙuri'arta ya fara sayen daddawa tukuna. Akwai wani malamin lakkol, wato makarantar boko, ana ce masa Mushe Issa, mai son zama a bencinmu in ya zo cefane, ga son bayani kamar an biya shi. Wata Lahadi yana ba wani labarin abin da suke kira gardabi, wato tsaron da jandarma ke yi wa mutum kafin a kai shi gaban shari'a. Ya ce doka ta ba su kwana biyu su yi bincikensu. In ba su gama ba, ba su da ikon ƙara wa kansu ko yini guda, sai sun nemi izinin mai shari'a, shi ma kwana biyu kaɗai zai ƙara musu. In waɗannan sun cika, ko su kai mutum gabansa, ko su buɗe masa ƙofa.

Tanne na ƙulla wa wata mata daddawa, sai na ga hannunta ya tsaya. Ta tambaye shi ko wagga doka cikin sababbin da anka kawo take. Ya ce a'a, ai tana nan rubuce tun farkon mulkin kai.

"Har lokacin yunwa tana nan?"

Ya ce tana nan, sai dai ba mai bakin tambaya a lokacin.

Ta ƙarasa ƙulla daddawar ta miƙa. Da la'asar muna naɗe tabarmi ta ce mini, ashe dokar na kwance tana sharar barci, shi kuma yana can bayan katanga yana tari. Ban taɓa ganin fushi irin na ranar a fuskarta ba, kuma na ga fushinta iri-iri.

Ibrah kuwa ya girma ya zama dillalin shanu, mutum mai sanyin hali, ko kaɗan bai ɗauko uwarsa ba. Abin da ya gada shi ne ƙirjin ubansa, in sanyi ya kama shi numfashi sai ya riƙa yi masa gardama. Yana da mata, Habsa, da ƴaƴa, gemunsa har ya fara furfura, amma a bakin Tanne bai wuce "mutumin Habsa" ba. Wata rana wani sa da anka sayar ta hannunsa a kasuwar Sanam ya zamana na sata ne. Wanda ya kawo san ya gudu, sai anka kama dillali. Barikin nan dai anka kai shi. Mutanen ciki sun sake, katangar ba ta sake ba.

Habsa na cikin wankan jego, ba ta fita. Dodo, wanda yanzu shi ne babba a gidan, shi ke zuwa yana dawowa da labari. Da kwana biyu sunka cika ya ce kumandan barikin ya ce bincike bai ƙare ba, alƙali ya ƙara musu biyu. Tanne ta ce to, in alƙali ya ƙara, ya ƙara, doka ce. Biyun sunka cika, shiru. Lahadi ta zagayo, shiru. Abincin da ake kai wa ma anka daina karɓa.

Dodo ya zo rumfarmu ya tsuguna yana ba ta haƙuri. Ya ce waɗannan mutane ba a yi musu gaggawa, in anka kai ƙararsu sai su huce a kan yaron, a bi su a hankali, mai haƙuri yakan dafa dutse. Ya ƙara da cewa ita fa uwa ce, kuma ɗan fari ne, bai kamata a ga ƙafarta cikin maganar ba, kada mutane su ce tsufa ya cinye mata kunya.

Tanne ta ɗago ta dube shi tun daga hula har takalmi.

"Dutsen da na dahwa wancan karo, kai ka sha romonshi?"

Dodo ya tashi yana kaɗe riga. Ita kuwa ta juyo ta ce mini gobe Litinin in shirya da safe, za mu gidan shari'a.

Alƙalin yaro ne, ba ɗan ƙasarmu ta Kurfai ba, Hausarsa irin ta gabas. Ban ga laifinsa ba, ya ba mu wurin zama, ya saurara. Da ya tambayi sunan wanda ake tsare da shi, ni na faɗa, kamar yadda na saba yi mata tun muna ƙuruciya. Ya ce ya tuna, shi ya sa hannu anka ƙara kwana biyu, kuma da sunka cika an aiko masa cewa an sallami mutumin. Tanne ta ce in an sallame shi, to ba ta ƙofa ya fita ba, don ɗiyansa na gida suna kallon hanya. Alƙali ya ɗauki hularsa ya ce mu same shi can.

Kafin mu iso, labari ya riga mu. Masu wucewa sun tsaya, masu amalanke sun ja birki, har Dodo na hango a gindin dogon yaron nan nasa. Kumandan ya fito ya tari alƙali da fara'a, suna Faransanci, wani jandarma na juya mana. Wai an saki Ibrah tun ranar da wa'adi ya cika, watakila kunya ta hana shi komawa gida, watakila ya tsallaka Najeriya, ai dillalai ba su da wurin zama. Alƙali ya ce a buɗe masa ɗakin tsaro ya gani. Anka ce mai makulli ya fita aiki daji, sai ya dawo. Na ga alƙalin ya fara duba agogo. Yaro ne, baƙo, su kuwa ga bindiga ga gari nasu.

Raina ya ɓaci, na matsa kusa da katanga na ƙwala wa Ibrah kira. Ba amsa. Na sake, ba amsa. Daga baya munka ji an riga an ja musu kunne a ciki, wanda ya yi ko tari zai gane kurensa. Kumandan ya buɗe hannuwa yana murmushi, wai kun gani.

Sai na ji an janye ni gefe. Tanne ce. Ta kwance ɗamararta ta sake ɗaurawa tam, irin ɗaurin da take yi in za ta shiga daka. Ta ba mutane baya, ta fuskanci katanga. Ni na san abin da za ta yi kafin kowa ya sani, na ce mata a hankali, "Tanne, ga mutane." Ta ce ai su take so.

Kiran farko da kyar ya fito, don sunan bai san hanyar bakinta ba. Na biyu ya fi ƙarfi. Wata mata a bayana ta yi salati ta rufe baki da mayafi. Sannan Tanne ta ɗaga kai ta saki muryar nan da ake ji tun daga rumfar mahauta har tashar mota.

"Ibrah ɗan Ɗangoma! Ni Tanne, ni da na haihe ka, ni ka kiranka. In kana ciki ka amsa."

Duka sunayen biyu a numfashi guda, a gaban jandarma da alƙali da ƙanen miji da rabin gari. Ni da na yi shekara da shekaru ina ara mata bakina, ranar nan ba ta buƙace shi ba.

Can bayan katanga anka yi tari, irin mai fitowa daga ƙasan ƙirji. Sannan murya ta ce, "Na'am."

Ba a daɗe ba makullin da ya tafi daji ya dawo da kansa, a aljihun wani da ke tsaye nan tun ɗazu. Anka fito da Ibrah yana riƙe da ƙirji, ya rame, idanu sun faɗa. Alƙali bai ɗaga murya ba, ya ce a sa shi a motarsa. Ranar nan ya yi masa tambayoyi a gidan shari'a, ya ce ya tafi gida ya yi magani, in ana nemansa za a aiko. An neme shi daga baya, ya je ya ba da shaida, maganar satar san ta ƙare ba da shi ba. Abin da ya wakana tsakanin alƙali da kumandan ban sani ba, ba zan ƙirƙira ba.

Da munka kama hanyar gida, Tanne na gaba, ni a tsakiya, Ibrah a baya. Ba ta waiwaya ba, shi ma bai ɗaga kai ba. Da munka kai rijiya ta ce mini, "Delu, wani na bayanki, ki ba shi ruwa."

Gari ya ɗauka, ba sai na faɗa ba. Wasu sunka ce ta kyauta, wasu sunka ce jinin Arna ne ya motsa, tsofaffi sunka ce duniya ta ƙare tun da uwa ta kama sunan ɗan fari a bainar jama'a. Wata mai ƙarfin hali ta zo har rumfa, tana taya daddawa tana cewa ita dai ko za a yanka ta ba za ta iya ba. Tanne ta ce mata Allah ya sa kada a gwada ta, ita an gwada ta sau biyu, kuma ta san inda kunyar farko ta kwanta, in tana so ta raka ta maƙabarta ta nuna mata. Matar ta bar daddawar ta tafi.

Abin da na lura da shi bayan haka, mata sun fara zuwa rumfarmu ba don cefane ba. Wadda anka kama mijinta, wadda anka kama ƙanenta, su tsuguna su tambaya a hankali. Tanne ba ta iya karatu ba, ba ta kuma yi da'awar sani ba. Abin da Mushe Issa ya faɗa shi take maimaita musu: biyu nasu, biyu na alƙali, daga nan ki tashi ki ɗaura ɗamara. In mace ta ce tana jin nauyi, sai ta ce mata barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Soja sun sake dawowa sun sake tafiya, ba ta sauya ko kalma guda ba.

Amma sunan nan ba ta ƙara kama shi ba har ta koma ga Allah. Lahadin da ta biyo baya Ibrah ya ratso kasuwa, ta sunkuyar da kai cikin ƙwarya ta zungure ni kamar kullum. Na ce mata haba Tanne, bayan abin da duniya ta ji? Ta ce wancan bariki ne, nan kasuwa ce.

Ta rasu da kaka, bayan ciwon da bai daɗe ba. Ranar sadakar bakwai, da mutane sunka ragu, Ibrah ya zo ya zauna a bakin tabarmata, dattijo da jikoki. Muna cikin tuna ta na tsokane shi, na ce kai ma ka ba mu wahala ranar nan, tsohuwa na ta kira kana jin tsoron jandarma, sai da ta tara maka gari kafin ka amsa.

Ya ce lokacin da ni na kira, tsoro ne ya hana shi, gaskiya ne, akwai mai kulki tsaye a kansu. Amma da ya ji muryarta, ya manta da mai kulkin.

"Tun kiran hwarko na gane ta, Inna Delu," ya ce. "Na yi shiru ne don ta sake."